Da ruwan ciki ake jan na rijiya: abin da lafiyar iyaye ke yi wa rayuwar 'ya'ya

Ranar awon yara a asibitin sha-ka-tafi, benci cike yake da mata tun kafin hantsi. Kowace da goyo, wata ga na biyu riƙe da gefen hijabinta. A ɗora jariri kan sikeli, a yi masa allurar rigakafi, a rubuta a kati, a kira ta gaba. In an dace da ma'aikaciyar jinya mai lura, sai ta ɗaga kai ta dubi uwar ta ce, "Maman yaro, ke fa? Ƙafafunki a kumbure suke, kuma tun da kika zauna nake jin kina haki." Amsar ba ta cika canzawa ba: "Ai ni lafiyata ƙalau, gajiya ce. Shi dai nake so a duba mini." Ta saɓa goyonta ta fita, ga wanki na jira, ga girkin rana, ga 'yan makaranta sun kusa tasowa.

Maigidan ma bai tsira ba. Tun bayan sallar asuba ya fita da adaidaita sahu ko ya buɗe shago. Watanni ke nan ƙeyarsa na sara, wani lokaci in ya miƙe sai ya ga duhu. Ya tsaya a kemis ya sayi Panadol ya kora da ruwan leda. In ka ce masa ya je a auna jininsa, sai ya ce, "Kuɗin da zan kai asibiti ai cefanen kwana biyu ne."

Mu kuwa yabon irin waɗannan iyaye muke yi. Ranar da ta faɗi, a wurin zaman makoki za ka ji ana cewa, "Allah sarki, baiwar Allah mai haƙuri, ba a taɓa jin ta ce wayyo ba." Wannan yabo yana damuna ƙwarai, domin sau da yawa rashin cewa wayyon yana cikin abin da ya kai ta ga kushewa. Kuma waɗanda ta yi dauriyar dominsu, su ne na farko da za su ɗanɗana kuɗarta.

A wata gunduma da ake kira Matlab a ƙasar Bangaladash, an shafe shekaru masu yawa ana rubuta kowace haihuwa da kowace mutuwa gida-gida. Da masana suka bi wannan lissafi, suka fitar da sakamako a 2010: yaran da uwayensu ke raye, 89 cikin 100 sun kai shekara 10 a duniya. Waɗanda uwayensu suka rasu kafin su kai wannan shekaru, 24 ne kacal cikin 100. Jariran da suka rasa uwa suna 'yan watanni su ne suka fi mutuwa. Yankin karkara ne na talakawa manoma, inda nonon uwa shi ne abinci, shi ne magani, kamar ƙauyukanmu da dama. Kowa a cikinmu ya san gidan da uwa ta rasu wajen haihuwa, aka ba kaka ko inna jaririn, aka yi ta fama da madarar gwangwani da gudawa, bai kai ga yaye ba ya bi ta.

Sai a ɗora wannan a kan halin da muke ciki. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta ya nuna cewa a 2023 mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. In ka raba, mata sama da 200 ke nan kowace rana, kuma arewa ta fi kudu ɗaukar nauyin. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa mata 58 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya tafiya da ita. Ƙarancin jinin kuwa yana da alaƙa da zazzaɓin cizon sauro, da haihuwa kusa-kusa, da kuma abin da ke faruwa a bakin murhu: a zuba wa maigida, a zuba wa yara, a ɗebi na baƙo, ita ta kankare ƙanzo. Naman da ke cikin miya in ɗaya ne an san kwanon da zai faɗa, kuma ba nata ba ne, alhali ita ce mai ciki ko mai shayarwa.

Kakanninmu sun san illar haihuwa kusa-kusa, shi ya sa suka sa mata suna, kwanika ko rurrutsa, kuma abin kunya ne a da. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa ga wanda ya so cika ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ita ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki. Al'ada da addini da likitanci sun haɗu a wuri guda, amma har yanzu macen da ta ce tana son ta huta sai an yi mata kallon mai gudun haihuwa. A jihar Katsina, binciken 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace ya haura 7. Jikin da zai yi wannan aiki sau bakwai ko takwas yana buƙatar a bar shi ya mayar da jini da ƙarfi tsakanin kowace haihuwa.

Akwai wani ciwo da ya sa sunan Zariya ya shiga littattafan likitancin zuciya na duniya, kuma labarinsa yana da darasi. A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka lura da yawan masu jego da ake kawowa zuciyarsu ta gaza: kumburin ƙafa da ciki, haki, tari, kasa kwanciya sai a jingine. Suka ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin 100 da suka haihu a yankin tana kamuwa, adadin da ba a ga irinsa ba a Turai ko Amurka. Suka ɗora zargi a kan al'adun jego: wanka da ruwa mai tsananin zafi safe da yamma, kwanciya a kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa mai yawa. Kanwa tana da gishiri irin wanda ke tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki.

Shekara da shekaru wannan bayani ake koyarwa. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na asibitin Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka jagoranci wani bincike a asibitoci sama da 20 a faɗin Najeriya, aka wallafa a 2020. Sun tabbatar ciwon ya fi yawa a arewa maso yamma. Amma da suka auna abubuwan da ke tare da shi, wankan jego da kunun kanwa ba su fito a matsayin manyan dalilai ba. Abin da ya fito shi ne rama, da hawan jinin masu ciki irin wanda ke kai wa ga jijjiga, da rashin karatun zamani, da rashin sana'a. Wani bincikensu na baya a Kano ya kuma nuna ƙarancin sinadarin seleniyam, wanda ake samu a abinci, a jinin yawancin masu ciwon. A taƙaice, macen da ta shiga ciki a rame, ba ta ci ta ƙoshi ba, ba a auna jininta ba, ita ce zuciyarta ke kasawa. Wannan bai wanke kanwa ga mai hawan jini ko mai kumburi ba, likitoci na nan kan hana su ita. Sai dai ya nuna cewa tushen matsalar ya girmi tukunyar wanka: an bar uwar da kanta babu kulawa tun kafin ta haihu.

Abin takaicin shi ne alamomin ciwon a fili suke, amma mun saba fassara su da wani abu. Kumburi a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta. Haki a ce ai jego ne. Sai ta kasa tashi sannan a nemi mota.

Wannan duk na jiki ne, wanda ido ke gani. Na zuci ya fi wuyar magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar da suka haihu tana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa. Ba kasala da saurin kuka na kwanakin farko ake nufi ba, wannan yakan wuce cikin mako biyu. Ana nufin wanda ke zama: barci ya ƙaurace ko da jariri ya yi barci, abinci ya fita daga rai, komai ya daina daɗi, ta riƙa jin ita ba uwar kirki ba ce, wani lokaci ta dubi ɗan da ta haifa ta ji babu komai a ranta, ta kuma kasa faɗa wa kowa saboda tsoron abin da za a ce. Matanmu ba sa cewa "ina da ciwon damuwa". Cewa suke "tunani ya yi mini yawa", ko "ƙirjina ya yi nauyi", ko "jikina duk ya mutu". A amsa musu da "ki gode wa Allah, wasu nema suke ba su samu ba". Akwai kuma nau'i mai tsanani da ke samun mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, inda mai jego ke rikicewa, ta yi surutai, ta ji muryoyi. Mu nan take sai a ce iska ce. A yi addu'a, babu mai hana wannan, amma a haɗa da asibiti a ranar, domin larura ce ta gaggawa mai magani, kuma jinkiri na iya cin ran uwa ko na jariri.

Me ya haɗa damuwar uwa da yaron da bai san komai ba? Jariri da fuskar uwarsa yake koyon duniya. A shekarun 1970 wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya yi gwaji mai sauƙi: uwa na wasa da jaririnta, sai a ce ta ɗaure fuska ta yi shiru na ɗan lokaci. Jaririn ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara don ya dawo da ita, da ya ga babu amsa sai ya juya kai ya fashe da kuka. Minti biyu ke nan. Ɗan macen da damuwa ta danne yana iya rayuwa da irin wannan fuska wata da watanni, ba don ba ta sonsa ba. A Rawalpindi ta ƙasar Pakistan, Atif Rahman da abokan aikinsa sun bi jarirai har shekara guda, suka wallafa a 2004 cewa 'ya'yan mata masu ciwon damuwa sun fi ramewa, sun fi tsumburewa, sun fi yawan gudawa, ko da an kwatanta gidajen da talaucinsu ɗaya ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shayarwa, da dama kunu a kan lokaci, da wanke hannu, da lura cewa jikin yaro ya yi zafi, da tashi a kai shi rigakafi, duk suna buƙatar uwa mai kuzari. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne a can ɗin an horar da ma'aikatan lafiya mata na unguwa su riƙa zama da irin waɗannan uwaye suna tattaunawa bisa tsari, kuma matan da yawa suka samu sauƙi ba tare da ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ba. Wannan ya dace da mu, tunda likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutane sama da miliyan 200, ko da yake an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023.

Wani zai ce iyayenmu mata sun haifi goma ba su san wata damuwa ba. Wasunsu sun sani, ba su da sunan kiranta ne. Amma akwai gaskiya a maganar, kuma ita ce ta fi ba ni tausayin matan yanzu. Bahaushe na da ya gina wa uwa katanga. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta. In ta haihu, kwana arba'in ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ba ta girki. Akwai tsohuwa mai yi mata wanka, akwai ƙauri da gasasshen nama, akwai kunu da yaji. Gidan gandu ne, da faccaloli da ƙannen miji da kakanni, yaro na hannun kowa. In an yaye shi a kai shi wurin kaka. Duk abin da za a faɗa game da zafin ruwan wanka, tsarin kansa ya fahimci abu guda: wadda ta haihu mai jinya ce, a yi mata hidima.

Yau fa? Ɗaki ɗaya ko biyu na haya a bayan gari, a Kano ko Kaduna ko Mararraba, dangi na can nesa. Mahaifiyarta ta zo ta yi mako guda ta koma, ita ma tana da nata. Washegarin suna mai jego ta miƙe ta ɗora tukunya. In maigida ɗan ci-rani ne yana Legas ko Fatakwal, sai waya. Matan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno kuwa, wasu a kango ko a makaranta suke jegon. Katangar ta rushe, amma abin da ake nema daga uwa bai ragu ba, har ƙaruwa ya yi: ga boko, ga islamiyya, ga aikin gida na makaranta, ga 'yar sana'ar da take yi don cike giɓin cefane. Haƙurin kawai muka riƙe daga tsohon tsarin, muka yar da taimakon da ke sa haƙurin ya yiwu. A ma'aikatun gwamnati an ɗan motsa: Kaduna ta mayar da hutun haihuwa wata shida a 2019, gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikata maza hutun kwana 14 a 2021. Mai tuyar ƙosai da matar manomi ba su cikin wannan lissafi.

Mu koma kan uba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a 2024, hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar wannan shekarar, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000. Magidanci mai mutum takwas a wuyansa yana kwana yana lissafi. Kusan babba ɗaya cikin uku a Najeriya na da hawan jini, da yawa ba su sani ba, domin ciwo ne da kan yi shekaru bai nuna alama ba. Ranar da zai nuna, sai a ji mutum ya faɗi a kasuwa ko a banɗaki, ɓarin jiki ya shanye. Daga ranar gidan ya juya: jarin ya tafi magani, babban ɗa ya bar makaranta ya kama acaɓa, matar ta zama mai jinya a kan renon da take yi. Awon jini kuwa minti biyu ne, ana yi a kemis da kuɗi kaɗan. Wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 ko sama a lokuta daban-daban yana buƙatar ganin likita, kuma in an ɗora shi a magani ba a dainawa don an ji sauƙi. Rage gishiri da dunƙulen miya ma ba ya cin ko sisi.

Kafin a kai ga faɗuwa, akwai abin da yara ke sha kullum. An koya wa namiji cewa ba ya kuka, ba ya kai ƙara. Abin da ya haɗiye a kasuwa da wurin aiki sai ya sauke shi a tsakar gida. Akwai gidajen da in aka ji sallamar Baba, hira ta mutu, kowa ya nemi lungu. Uwa ma da ta kwana uku ba barci, yaro ya zubar da kunu, dukan da za ta yi masa ya fi ƙarfin laifin, ta koma ɗaki tana kuka. Waɗannan ba mugayen iyaye ba ne, mutane ne da aka tatse har babu saura. Yaron bai san wannan ba. Abin da ya sani shi ne gida wurin tsoro ne, kuma da wannan zai girma ya riƙe nasa gidan. Wasu iyayen kuma, maza da mata, sai su nemi sauƙi a kwalbar maganin tari ko ƙwaya. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma abin da ke tura matar aure gare shi yana nan.

Akwai kuma wadda ba a cika ambata ba: babbar 'ya mace. Duk lokacin da uwa ta gaza, a kanta kayan ke sauka. 'Yar shekara goma da goyo a baya, ita ce wanke-wanke, ita ce talla, makaranta sai ranar da aka samu sarari. A yabe ta da hankali, alhali yarintarta ce ake biyan bashin lafiyar uwarta da ita.

Na san maganar "kula da kai" tana yi wa wasu kama da son kai, ko salon 'yan boko masu kuɗi. Addininmu bai ɗauke ta haka ba. Ya zo a Bukhari cewa Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har ya yi watsi da kansa da iyalinsa. Salmanu ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da labari ya kai ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya. In ibada ba ta zama hujjar halaka jiki ba, wanki da neman kuɗi ba za su zama ba. Azumin Ramadan ma an yi wa mai ciki da mai shayarwa rangwame in suna tsoron cutuwa. Haƙurin da aka yaba shi ne jure abin da babu yadda za a yi da shi. Ciwon da ke da magani a asibitin unguwa, ɓoye shi ba ya cikin wannan.

Sai dai ba adalci ba ne a ce wa mace mai yara biyar da tukunya a wuta "ki huta" a juya baya. Hutun nata a hannun wasu yake. Maigida ne zai ɗauki jariri bayan isha'i ta samu barcin awa uku a jere, ya ba da izini da kuɗin mota na zuwa awo tun cikin yana ƙarami, ya tambaya ko tana shan ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ta, ya tsame naman daga kwanonsa ya sa a nata. Uwar miji ce za ta daina cewa "mu da muka haifi goma a ɗaki". Maƙwabciya ce za ta ɗebe mata yaran na yini guda, ranar da tata ta zo a rama mata. Matar ma ta lura da mijin da ya daina cin abinci, ya daina hira, ta ce, "Maigida, gobe mu biya a auna jininka," ta kuma nace.

Likitoci na son a duba mai jego da jaririnta cikin awa 24 na farko, da kwana na uku, da tsakanin mako ɗaya zuwa biyu, sannan a mako na shida. Mako shida kwana 42 ne, kusan daidai da ranar da ake gama wanka a fita yawon arba'in. Mai jego ta ci ado ta zaga gidan iyaye da na surukai da na ƙawaye, ana karɓar jariri ana sa albarka. A cikin gidajen da za a shiga ranar, a sa asibiti, kuma katin da za a miƙa ya zama nata: a auna jininta, a duba ƙafafunta da numfashinta, a tambaye ta yadda take barci, a yi maganar tazarar da take so kafin ciki na gaba. In ta ce "ni ba komai", wanda ya rako ta ya faɗi abin da ya gani a gida.